Farautar girawus ga sabon shiga: wane harsashi za ka saya, wane daji za ka nufa?

Duk shekara idan Satumba ta kama, sai 'yan'uwa da ke zaune a nan Minesota da maƙwabtanta su fara tsare ni da tambayoyi, wani bayan an sauko daga Juma'a, wani ta waya. Kusan kowa da maganar harsashi yake farawa, alhali ita ce mai sauƙin. Mai wuyar ita ce sanin dajin. Na tattara tambayoyin da suka fi maimaituwa, na amsa su gwargwadon abin da na gani da idona a dazukan arewa.

Wai wace irin tsuntsuwa ce girawus? Muna da ita a gida?

Ba mu da ita. Tsuntsuwar ƙasashen sanyi ce, amma dangin kaza ce, kuma duk wanda ya san makwarwa zai gane ta da kallo ɗaya: launin ƙasa-ƙasa mai zane, gajerun fikafikai, ƙirji cike da tsoka. Nauyinta bai cika wuce laba ɗaya da rabi ba. Iri-iri ce. Akwai mai tsinin wutsiya da ke zaune a filayen ciyawa na Dakota da Montana, akwai ta tsaunukan yamma, akwai baƙa-baƙa da ke cikin itatuwan da ba sa zubar da ganye a can kan iyakar Kanada. Wadda nake magana a kanta ita ce mai gashin wuya, mai faffaɗar wutsiya kamar mafici da baƙin layi a gefe, wadda ke zaune a kurmi tun daga Minesota har jihar Maine. Jihar Pensilbeniya ma ita ta ɗauka a matsayin tsuntsuwar jiha.

Idan ka shiga daji a watan Afrilu ko Mayu za ka ji namijin kafin ka gan shi. Yakan hau kan faɗaɗɗen icce ya riƙa dukan iska da fikafikansa, a hankali da farko, sannan ya ƙara sauri har sautin ya haɗe, kamar ana ƙoƙarin tayar da janareta daga nesa. A ƙirjinka za ka fi jin sa, ba a kunne ba.

Me ya sa ake cewa harbinta na da wuya?

Saboda inda take zama. Kana kutsawa cikin sarƙaƙiya, reshe na dukan fuskarka, ganye na ƙara a ƙarƙashin takalminka, sai kawai ka ji firrr a gefen hagu, da ƙarfi har gabanka ya faɗi. Kafin ka juya ta riga ta sa icce tsakaninka da ita. Daƙiƙa biyu, wani lokaci ko haka ba ta kai ba. Ran da na fara fita na tayar da guda 7, na ga 3, ban ɗaga bindiga ko sau ɗaya ba. Dattijon da ya raka ni ya ce mini wannan rana ce mai kyau, domin na riga na san inda suke. Daga baya na gane gaskiya ya faɗa.

Abin da za ka riƙe daga nan shi ne nisan harbin. Yawanci tsakanin yadi 15 ne zuwa 25. Duk shawarar da zan ba ka a kan harsashi daga wannan ta samo tushe.

Ni baƙo ne a Amurka. Doka ta yarda in riƙe bindigar farauta?

Wannan ce tambayar da ya kamata ta zo kafin kowace. Ɗan ƙasa da mai katin zama na dindindin suna iya sayen doguwar bindiga a wajen dila mai lasisi idan sun kai shekara 18, bayan sun cika fom mai lamba 4473 an binciki tarihinsu. Wanda ya shigo da biza ta wucin gadi, kamar ɗalibi ko ma'aikaci, dokar tarayya ta hana shi riƙe bindiga ko harsashi, sai idan ya faɗa cikin waɗanda aka keɓe, kuma ɗaya daga cikin hanyoyin keɓewar ita ce mallakar lasisin farauta mai aiki da wata jiha ta bayar. Ka lura: idan lasisin ya ƙare, kariyar ma ta ƙare. Kowace jiha kuma tana da nata ƙarin sharuɗɗan. Ina roƙon duk ɗan'uwan da takardunsa ke kan hanya ya tambayi lauyan shige da fice kafin ya taɓa ko da bindigar aro ce. Tsuntsuwa ba ta kai a ɓata zaman ƙasa a kanta ba.

To lasisin fa?

Kowace jiha tana da hukumar kula da albarkatun ƙasa, a jihohi uku na bakin manyan tafkuna, wato Minesota, Wiskonsin da Mishigan, DNR ake ce mata. A wajenta ake yankar lasisin ƙananan namun daji, ta intanet ko a kantunan kayan farauta. Kafin nan akwai kwas na koyon riƙe bindiga lafiya. A Minesota wajibi ne ga duk wanda aka haifa bayan 31 ga Disamba 1979, a Wiskonsin daga 1 ga Janairu 1973, a Mishigan daga 1 ga Janairu 1960. Akwai kuma tsarin ɗan koyo, wanda zai ba ka damar fita tare da babban mutum mai lasisi kafin ka yi kwas ɗin. Ko shekarunka sun ɗauke maka, ka yi shi. Ba ya ɗaukar lokaci, kuma a nan ake haɗuwa da mutanen da za su nuna maka hanya.

Mene ne geji, kuma wanne ya dace da ni?

Geji faɗin bututun bindiga ne, kuma lissafinsa a juye yake: ƙaramar lamba ita ce babban baki. Asalinsa, ana duba dunƙulen dalma nawa masu faɗin bakin bindigar za su cika laba ɗaya. Idan 12 ne, geji 12 ke nan. Idan 20 ne, bakin ya fi ƙanƙanta. Akwai 16 da 28, akwai kuma .410 wadda ita da inci aka auna ta.

Idan kana da geji 12 a hannu, ta isa, kada ka kashe kuɗi. Idan yanzu za ka saya, ni 20 nake zaɓa, domin yini guda za ka yi kana ɗauke da ita cikin ƙunci, sau da yawa da hannu ɗaya, ɗayan yana ture rassa. Bindiga mai nauyi kan sa mutum ya rataye ta a kafaɗa bayan awa biyu, a daidai lokacin kuma tsuntsuwa za ta tashi. Ita .410 ana yawan miƙa wa yara da sababbi saboda ba ta shuri, amma ƙwayoyinta kaɗan ne, ƙwararre ne ke iya cin moriyarta a kan abu mai tashi.

Lambobin da ke jikin kwalin harsashi sun ruɗa ni.

Abu huɗu kawai za ka duba. Na farko geji, dole ya zama daidai da wanda aka zana a jikin bututun bindigarka. Na biyu tsawon harsashin, inci 2¾ ko 3 ko 3½, shi ma an rubuta a jikin bututun iyakar tsawon da bindigar ke ɗauka. Gajere na shiga mazaunin dogo lafiya, amma dogo a mazaunin gajere haɗari ne, ko da ka ga ya shiga ya rufu. Na uku nauyin ƙwayoyin da ke ciki, da oza ake rubuta shi: ⅞, ko 1, ko 1⅛, wato kimanin giram 24, 28 da 32. Na huɗu girman kowace ƙwaya, shi ma a juye: lamba 8 ta fi lamba 6 ƙanƙanta. Saurin harsashin da ake rubutawa, idan yana wajen ƙafa 1,200 a daƙiƙa, ya wadatar.

Faɗa mini kai tsaye, wace lamba zan saya?

Lamba 7½, inci 2¾, oza ⅞ ko 1. Idan ka tsaya a nan ka rufe shafin, ba ka yi asara ba.

Ga dalili. Girawus ba ta da tauri. Gashinta laushi ne da shi, ƙashinta siriri, 'yan ƙwayoyi kaɗan ne ke kayar da ita. Matsalar ba ƙarfin duka ba ce, matsalar ita ce ƙwayoyin su isa gare ta ta cikin ganye da rassa. Oza ɗaya ta dalma lamba 8 tana ɗauke da ƙwayoyi wajen 410. Lamba 7½ wajen 350. Lamba 6 wajen 225 kacal. Kamar watsa wa kaji hatsi ne ta cikin shinge: gero zai fi masara samun kafar wucewa, don ya fi yawa a tafin hannu. Shi ya sa a makonnin farko, lokacin da ganye bai zuba ba kuma harbin na kurkusa ne, wasu ke amfani da lamba 8. Daga ƙarshen Oktoba, idan itatuwa sun yi tsirara, tsuntsayen sun yi wayo suna tashi daga nesa, gashinsu kuma ya yi kauri, sai a koma lamba 6, wadda kowace ƙwayarta ta fi nauyi kuma ta fi riƙe ƙarfinta a yadi 30 ko 35. Lamba 7½ tana tsakiya, tana yin aikin duka biyun ba tare da ka riƙa lissafi ba.

Masu bindiga mai baki biyu kan sa 7½ a bakin da ke fara tashi, 6 a na biyu, tunda harbi na biyu kullum ya fi nisa. Dabara ce mai kyau, amma ba ita za ta cika maka jaka ba.

Manyan ƙwayoyin nan da aka saba gani a hannun maharbanmu na gida, irin su BB da AAA, ba su da aiki a nan ko kaɗan. Kaɗan ne a cikin kwanso, suna barin giɓin da tsuntsuwa za ta wuce ta ciki, idan kuma sun same ta a kusa sun lalata naman.

Harsashi mai arha na filin koyon harbi zai yi?

Zai yi sarai, idan lambarsa 7½ ko 8 ce. Da shi na kashe mafi yawan waɗanda na kashe. Manyan harsasai masu inci 3 da ake yi don agwagwa da talo-talo ba su ƙara maka komai sai ciwon kafaɗa da jinkiri wajen harbi na biyu.

Dalma ko ƙarfe?

Tun 1991 dokar tarayya ta hana farautar agwagwa da dinya da ƙwayoyin dalma, saboda tsuntsayen ruwa na haɗiye su su mutu. Girawus ba ta cikin wannan hanin, don haka a mafi yawan dazukan arewa dalma halal ce a doka. Amma akwai filayen gwamnatin tarayya da aka keɓe don hayayyafar tsuntsayen ruwa, inda ba a yarda ka riƙe harsashin dalma ba ko da girawus kake farauta, kuma Kalifoniya ta hana shi a kowace irin farauta tun 1 ga Yuli 2019. Ka karanta allon da ke bakin fili da littafin dokokin shekarar.

Ƙarfe ya fi dalma rashin nauyi, don haka akan ƙara girman ƙwayar: inda za ka sa dalma 7½ ko 8, sai ka sa ƙarfe lamba 6. Tsohuwar bindiga wadda aka ƙera kafin zamanin ƙarfe, kada ka ba ta shi sai maƙerin bindiga ya duba, domin yana iya kumbura mata baki. Irinta ƙwayoyin bismut ake ba ta, wani ma'adini ne mai laushi kamar dalma, sai dai tsada. Ni dai tun da yarana suka fara cin abin da nake kawowa na koma ƙarfe. A nisan yadi 20 ban ga abin da na rasa ba, kuma hankalina ya fi kwanciya idan an zuba musu romon.

Mene ne cok?

Matsi ne a ƙarshen bututun, shi ke tsara yadda ƙwayoyin za su bazu. Ka tuna yadda ake danne bakin tiyo da yatsa ruwa ya tafi nesa a dunƙule. A bindigogin zamani ɗan ƙarfe ne da ake murzawa a ciki a cire, kuma an rubuta sunansa a jiki. Ga girawus buɗaɗɗe ake so: wanda aka rubuta wa IC, ko SK, ko CYL. Mai alamar M, wato matsakaicin matsi, yana da amfani a ƙarshen kaka. Mai alamar F, wato mafi matsi, shi ne babban abin da ke sa sababbi kuskure, domin a yadi 15 ƙwayoyinsa ba su gama buɗewa ba. Ko dai ka kuskure ta gaba ɗaya, ko ka same ta ka tarar ba abin ɗauka sai gashi. Sauya cok ya fi sauya harsashi tasiri nesa ba kusa ba.

Yaya zan san abin da bindigata ke yi?

Gani ya kori ji. Samu babban kwali, irin na firji ko talabijin, ka je filin koyon harbi. Zana ɗigo a tsakiya, ka auna taku 20, ka ɗaga bindigar kamar yadda za ka ɗaga ta a daji, ba tare da dogon saiti ba, ka harba. Sannan ka je ka duba. Shin ramukan sun kewaye ɗigon, ko sun taru a sama ko a gefe? Akwai wurin da za ka ɗora tafin hannunka ba rami ko ɗaya a ƙarƙashinsa? Ka maimaita sau 3 da sabon kwali, ka gwada a taku 30. Ragowar kwalin harsashin ka ƙarar da shi a kan faya-fayan yumɓun da na'ura ke cillawa, kana farawa da bindiga a ƙasa, gindinta a wajen ƙugu, har hannunka ya saba da kai ta kumatu da kansa.

Akwai kuskuren da ya fi kowanne haɗari game da harsashi?

Haɗa geji 20 da 12 a aljihu ɗaya. Harsashin 20 idan ya shiga bindigar 12 ba ya tsayawa a mazauni, zamewa yake ya maƙale a cikin bututun. Mai bindiga ya duba ya ga wayam, ya ɗauka bai ɗura ba, ya sa na 12 a bayansa. Idan ya ja kunama bututun na iya tarwatsewa a hannunsa. Saboda wannan ne ake yin kwanson geji 20 rawaya. Na taɓa aron rigar farauta a wajen wani abokina, ina tsakiyar daji na sa hannu a aljihu na ciro rawaya guda a cikin jajayen harsasaina. Tun daga ranar nake zazzage kowane aljihu a kan tebur kafin in fita. Haka nan idan ka faɗi, ko bakin bindiga ya taɓa laka ko dusar ƙanƙara, ka tsaya, ka cire harsashi, ka leƙa bututun daga baya.

To, ina zan je?

Minesota, Wiskonsin da Mishigan su ne cibiya, sai Maine a gabas. A Minesota ka nufi arewa, yankin Grand Rapids, Bemidji, Ely da abin da ya kewaye su, inda manyan dazukan tarayya biyu suke, Chippewa da Superior. A Wiskonsin akwai dajin Chequamegon-Nicolet, da garin Park Falls da ke kiran kansa hedikwatar girawus ta duniya. A arewacin Mishigan akwai Ottawa da Hiawatha. Bayan waɗannan akwai dazukan jiha da na ƙananan hukumomi, waɗanda sau da yawa sun fi na tarayya tsuntsaye, don an fi sare itace a cikinsu. Duk waɗannan filayen jama'a ne, mai lasisi na shiga ba sai ya roƙi kowa ba. Wannan ni'ima ce da ban daina mamakinta ba.

Ga sabon shiga an ma sauƙaƙa. Minesota tana da hanyoyin ƙafa na maharba da aka share aka hana mota bi, da yankuna na musamman da ake kula da su don girawus. Mishigan tana da irinsu da ake kira GEMS, da taswirar Mi-HUNT. Wiskonsin tana da taswirar FFLIGHT, wadda ke nuna maka inda ƙananan itatuwa suke. Manhajar onX Hunt ta kuɗi ce, amma tana nuna iyaka tsakanin filin gwamnati da na mutane. Ka sauke taswirar a waya tun daga gida, don sabis na ɗaukewa a can.

Filin mutum kuwa, ka je ka yi sallama ka nemi izini, ba ranar farauta ba, tun kafin nan. A Minesota ba a harbi a ƙasa da ƙafa 500 daga gidan da mutane ko dabbobi ke ciki a filin wani sai da rubutaccen izini.

Na isa dajin, ko'ina itatuwa ne. Ta ina zan fara?

Nan ne aikin yake. Ido yakan so dajin manyan itatuwa, mai inuwa, mai sarari a ƙasa, inda tafiya ke da daɗi. Ba girawus a nan. A irin wannan sarari shaho da mujiya za su ɗauke ta cikin sauƙi, don haka ba ta zama. Abin da take so shi ne wurin da aka sare ko wuta ta ci shekara 8 zuwa 20 da suka wuce, ya sake tofowa a cunkushe.

Iccen da za ka koyi ganewa shi ne asfen: ɓawonsa fari-fari mai ɗan kore, ganyensa zagaye kamar kwabo, yana karkarwa ko iska ba ta da ƙarfi, a farkon Oktoba ya koma rawaya sharr. Idan aka sare shi, dubban 'ya'ya ke fitowa daga saiwarsa. Ka nemi inda kaurinsu ya kai daga ƙotar fartanya zuwa taɓarya, kuma sun matsu har sai ka karkata kafaɗa kafin ka wuce. Akwai gwajin da tsofaffin maharban nan ke faɗa: idan ka jefa hularka ta faɗo ƙasa ba ta maƙale ba, ka ƙara gaba. Wani masani mai suna Gordon Gullion ya shafe gomman shekaru yana nazarin tsuntsuwar nan a Cloquet, a Minesota, kuma abin da ya nuna shi ne tana buƙatar asfen mai shekaru daban-daban a kusa da juna: ƙanana sosai don renon 'yan tsaki, matsakaita don ɓuya, manya don tohon da take ci da hunturu. Ƙungiyar Ruffed Grouse Society, wadda aka kafa a 1961, har yau babban kiranta shi ne a riƙa sabunta daji da sara.

Bayan haka ka bi gaɓa, wato inda abu biyu suka haɗu. Inda tudu ya gangaro ya sadu da fadama mai ƙananan itatuwan alda. Inda sabon sara ya jingina da tsohon daji. Gefen tsohuwar hanyar masu katako da ciyawar kiloba ta rufe. Bakin rafi. Gonar da aka yi watsi da ita mai tsofaffin itatuwan tuffa. A shekarar fari ka ƙara matsawa kusa da danshi. Duk inda ka tayar da guda, kada ka wuce da sauri. Ka tsaya ka dubi abin da ke kewaye da kai, wane icce, wane kauri, ruwa na ina, rana na ina, ka sa alama a taswira, sannan ka nemi wuri mai kama da shi. Wuri mai kyau kuma ba ya dawwama, bayan wasu shekaru itatuwan za su girma su buɗe, sai ka nemi sabo. Shi ya sa motar katako idan na gamu da ita a hanya nake duba daga inda ta fito.

Wane lokaci ya fi?

A Minesota ana buɗewa a tsakiyar Satumba har zuwa farkon Janairu, iyaka kuma 5 a rana. Makonnin farko akwai zafi da sauro da ganye, za ka ji su fiye da ganinsu. Tsakiyar Oktoba ita ce zinariya. Daga farkon Nuwamba masu farautar barewa da manyan bindigogi ke cika daji, ni nakan bar musu shi har su gama. A yini kuwa, hantsi bayan raɓa ta bushe, da awa biyun ƙarshe kafin faɗuwar rana, lokacin da suke fitowa gefen hanya kiwo. Ranar iska mai ƙarfi ba sa yarda a kusance su.

Yawansu na hawa da sauka a zagaye na kimanin shekara 10. Minesota tana ƙirga kiɗan mazan, wato sautin dukan fikafikansu, duk bazara tun 1949, tana fitar da sakamakon kafin kaka. Ka duba, amma kada shekarar ƙaranci ta zaunar da kai a gida.

Sai da kare?

A'a. Ban taɓa ajiye kare ba, kuma na san da yawa daga cikinmu ba za su ajiye ba. Mai kare zai tayar da waɗanda suka fi naka yawa, ya kuma fi ka saurin gano wadda ta faɗi. Kai kuma makaminka tsayawa ce. Ka yi taku 20 ko 30 a hankali, ka tsaya cak na ɗan lokaci, a wurin da kake da sararin juya bindiga. Muddin tana jin takunka tana san inda kake, za ta lafe ka wuce. Da ka yi shiru sai ta ɗauka an gan ta, ta tashi. Idan ka kuskure, ka kula da inda ta nufa, ba ta cika yin nisa ba, kana iya sake tayar da ita. Idan ka harba, ko kana ganin ba ka samu ba, ka rataye hularka a inda ka tsaya, ka je ka duba sosai. Sau da yawa tana can kwance bayan ganyen da ya tare maka gani.

Wata 'yar tsuntsuwa mai dogon baki tana yawan tashi a gabana. In harbe ta?

Wudkok ce, tana son wuraren da girawus ke so, kuma harsashinka ya dace da ita. Amma ita mai ƙaura ce, dokar tarayya ke kanta: sai ka yi rajistar HIP, wato rajistar masu farautar tsuntsaye masu ƙaura, lokacin yankar lasisi, sai an toshe bindigarka yadda ba za ta ɗauki fiye da harsashi 3 ba, iyakarta 3 a rana, kuma ranakun farautarta daban ne.

Ni a Birtaniya nake.

Can wata duniya ce. Jar girawus ce, a kan tuddan Sikotilan da arewacin Ingila marasa itatuwa, ana buɗewa ranar 12 ga Agusta a rufe 10 ga Disamba. Filayen na masu ƙasa ne, ba na jama'a ba, kuma kuɗi mai yawa ake biya a shiga.

Me zan sa a jiki, me zan riƙe?

Hula da riga mai ruwan lemo mai ƙyalli, don dokar wasu jihohi na neman haka kuma don abokin tafiyarka ya gan ka ta cikin ganye. Tabarau, saboda reshe. Takalmi mai wuya wanda ruwa ba ya shiga, wando mai kauri, ruwan sha, wuƙa, kamfas ko da kana da waya. Ka faɗa wa iyali inda za ka da lokacin dawowa. Idan ku biyu ne ku riƙa kiran juna, kuma kada ka harba ƙasa-ƙasa ta inda ba ka san me ke baya ba. Makullin da ke hana bindiga tashi ya zauna a rufe, sai tana kan hanyar zuwa kafaɗa. A mota kuwa babu harsashi a ciki, tana cikin jakarta. Da ka dawo gida ka tuɓe ka duba jikinka, kaskar yankin nan ƙarama ce ƙwarai, tana yawo har Oktoba da Nuwamba, kuma tana ɗauke da cutar Laim.

Malam, naman ya halatta?

Ka ambaci sunan Allah lokacin da za ka harba. Idan ka iske ta da sauran rai, ka yanka ta nan take, shi ya sa wuƙa mai kaifi ba ta barin aljihuna. Idan harbin ya riga ya kashe ta, malamai da yawa, har da na baya-bayan nan a mazhabar Malikiyya, sun halatta cin abin da harsashi ya huda ya zubar masa da jini. Da yake tashinta ba ya ba da lokacin tunani, ka saba wa harshenka da bismilla tun a filin koyon harbi, ta riƙa fita tare da ɗaga bindigar.

Na samu ta farko. Sai me?

Ka cire kayan cikin da wuri idan ana zafi, ka bar fiffike ɗaya da gashinsa a jiki har ka isa gida, domin jihohi da yawa na neman haka don jami'in gandun daji ya gane irin tsuntsuwar. Naman ƙirjin fari ne kamar na kaza, ba shi da kitse, don haka dogon gashi na busar da shi. Farfesu da citta da kanumfari da ɗan yaji ya fi karɓarsa, ko a soya shi sama-sama a man shanu. Ka laluba ka cire ƙwayoyin kafin a ba yara.

Amma kafin duk wannan, tun kana dajin, ka tsaga 'yar jakar da ke gindin wuyanta, inda take tara abinci kafin ya wuce ƙundu, ka zazzage a tafin hannunka. Ta farko da na buɗe cike take da ganyen kiloba, kore shar kamar yanzu aka tsinka, da 'yan fararen 'ya'yan itace guda 4. Na duba gefe na ga iccensu mai jajayen sanduna a bakin fadamar, na bi layinsa har la'asar, na tayar da wasu 3.